Takardarki da Tasa Ba Kunnen Doki Ba Ne

Assalamu alaikum Inna. Ni budurwa ce ƴar shekara 22, a unguwar Birni nake, nan Damagaram. An sa ranar aurena bayan Sallar Layya da wani tela mai shago a Zango, shekararsa 29. Babana ya ce sai mun yi gwajin jini kafin a ɗaura. Takardarsa ta fito haka: AgHBs positif, anti-HBc positif, anti-HBs négatif. Tawa kuma: AgHBs négatif, anti-HBc positif, anti-HBs positif, an rubuta 340 a gabansa. Gwaggonsa ta sa aka karanta mata, ta ƙirga ta ce biyu da biyu, kunnen doki ke nan, mu duka muna da ciwon hanta, kuma a binciki inda na samo nawa, don ta ji an ce ciwon ƴan bariki ne. Wallahi Inna ban san ɗa namiji ba. Babana ya rage yi mini magana, ya ce a dakata da zancen aure. Shi kuma saurayin sai yanzu yake faɗa mini wai bara da ya je ba matar yayansa jini aka ƙi ɗauka, aka ce yana da ciwon, ya ɓoye wa kowa. Lafiyarsa lau, ko ciwon kai ba ya yi. Ina da ciwon ne? Ni na sa masa? In na aure shi zan kamu? Don Allah a ɓoye sunana.

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ɗauko takardar nan taki ki shimfiɗa a gabanki, tare za mu karanta ta. Amma tunda na san kin kwana biyu ba barci, bari in fara ba ki ƙarshen zancen. In dai abin da kika kwafo mini shi ne a rubuce, ba ki da ciwon hanta nau'in B. Kin taɓa gamuwa da ƙwayar wannan ciwo, jikinki ya yi kokawa da ita ya kayar, kuma har yau yana riƙe da makamin da ya kayar da ita da shi. Saurayinki ne ke ɗauke da ita.

Gwaggo ta iya ƙirga, ba wanda ya musa. Sai dai wanda ya ba mai kanti ajiyar jika biyu da wanda mai kanti ke bi bashin jika biyu, duk biyu ne a gaban sunansu cikin littafi, amma ba mai ce musu kunnen doki. Kalmar positif a takardar labo ma'anarta kawai an ga abin da aka nema. Tambayar ita ce, me aka nema?

Ƙwayar nan tana da riga a waje, da ƙoƙo a ciki inda ta ɓoye irinta. Duk inda kika ga ƙaramin s a takarda, rigar ake nufi. Inda kika ga c, ƙoƙon ne. Ag yanki ne na ƙwayar kanta. Anti kuwa, wasu labo suna rubuta Ac, abin da jikin mutum ya ƙera ne don ya kama ta. Ma'aikatan asibiti antikor suke ce musu. Ni dogarai nake ce musu, ke da kika tashi a Birni ai kin saba ganinsu a ƙofar fada. Bambancin dogaran jini da na Sarki shi ne, na jini kowanne fuska ɗaya tak ya sani. Wanda aka ƙera don rigar ba ruwansa da ƙoƙo, wanda aka ƙera don ƙoƙo ba ruwansa da riga.

To duba layinki na farko. AgHBs négatif: an nemi rigar ƙwayar a jininki ba a gani ba. Layin anti-HBs positif: an nemi dogarin riga, an same shi. Wannan dogarin shi ne mai kariya, domin da rigarta ƙwayar ke maƙalewa a ƙofar ƙwayoyin hanta ta kutsa ciki. Ƙofar ma ba don ita aka yi ba, mashigar gishirin ruwan madaciya ce, masu bincike a birnin Beijing na ƙasar Sin suka gano haka a 2012. Idan dogari ya riga ya cafke rigar, ƙwayar ba ta da hannun buɗe ƙofa. Daga 10 zuwa sama ake ɗaukar mutum yana da kariya, ke kuma 340 gare ki. Ko da adadin ya sauka nan da wasu shekaru kada ki firgita, jiki yana ajiye ƙwayoyin da ke tuna fuskar, ranar da ta sake leƙowa cikin ƴan kwanaki za su cika jini da sababbin dogarai.

Saura anti-HBc, wanda ku biyun kuke da shi, kuma shi ya rikita gidajenku. Wannan dogari ne da ba ya kama kowa. Ƙoƙon da ya sani a lulluɓe yake cikin riga muddin ƙwayar na yawo a jini, don haka ba ya isa gare shi. Amfaninsa ɗaya, shaida: yana cewa mai jinin nan ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ta gaske. Kamar tabon lamba yake a hannu, yawanci da shi ake tsufa. Wanda allurar rigakafi kawai aka yi masa ba za a ga anti-HBc a jininsa ba, sai anti-HBs kaɗai, saboda rigar ce zalla a cikin allurar, ba ƙoƙo ba iri. Tun 1986 ma a cikin yis ake sarrafa ta. Ke kina da duka biyu, wato kin gamu kin warke. Shi yana da shaidar gamuwa, yana da rigar a jini, ba a ga dogarin riga ba. Tunda kuma bara an gan ta, bana an sake ganin ta, ta haura wata shida ke nan, abin da likitoci ke kira wanda ya zauna a jiki.

Yanzu ga maganar da ta fi yi miki ciwo, kuma ni ma ta ɓata mini rai. Gaskiya ne ana ɗaukar ƙwayar ta hanyar kwanciya. Amma a ƙasashenmu yawancin masu ɗauke da ita tun suna jarirai ko suna yara ƙanana suka same ta: daga uwa wajen haihuwa, ko daga yara abokan wasa ta ƙuraje da miki, ko ta aska ɗaya da ta bi kawuna goma ranar suna, ta kaciya, ta tsaga, ta ƙaho, ta cire beli, ta huda kunne, ta almakashin mai yankan farce, ta allurar da aka maimaita. Ƙwayar tana iya yin aƙalla kwana bakwai a busasshen jini a kan ƙarfe tana nan da ranta, jinin da ido ma ba ya gani ya ishe ta. Wace ɗiya ce a garin nan da ƙarfe bai taɓa jikinta ba kafin ta yi wayo? Ke da shi kuma an haife ku kafin 2008, shekarar da Nijar ta shigar da wannan rigakafi cikin alluran jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da ciwon a 2022, miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka. Da ciwon ƴan bariki ne, da bariki ta fi gari yawa. Takardar ba ta faɗin ranar da mutum ya ɗauka, ba ta faɗin hanya, ba ta faɗin daga wa. Allah ya ce mai jifan mace kamila da wannan zargi ya kawo shaidu huɗu, bai ce ya kawo takardar labo ba. Akwai wani gwaji, IgM anti-HBc, da ke nuna ko gamuwar ta ƴan watannin nan ce. Idan ya fito négatif, tsohon zance ne. In babanki na son ƙarin natsuwa, a yi shi.

Ko ke kika sa masa? A halin da jininki yake yanzu ba ki da abin sa wa wani. Abin da ya fi kusa da gaskiya, kowannenku daban ya gamu da tasa tun da daɗewa.

Za ki ce to me ya sa jikinki ya iya, nasa ya kasa, alhali ga shi ƙato lafiyayye? Ba ƙarfi ba ne, lokacin gamuwa ne. Babban mutum in ya kamu, cikin 100 waɗanda abin ke zauna musu ba su kai 5 ba. Yaron da bai kai shekara shida ba, 3 zuwa 5 cikin 10. Jariri kuwa, kusan 9 cikin 10. Garkuwar jikin jariri tana koyon waye ɗan gida waye baƙo ne, kuma wanda ka buɗe ido ka tarar a tsakar gidanku ai kawu kake ce masa. Ƙwayar ma tana da wata dabara: tana fitar da wani ɗan yanki, AgHBe, mai iya ratsa mahaifa ya isa ga ɗan tayi, ya saba da shi tun kafin ya zo duniya. Don haka in ka ga saurayi ɗan 29 yana ɗauke da ita bai taɓa kwanciya rashin lafiya ba, mafi yawan lokaci tun yana goye ne. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta.

Dabararta ta biyu telanki zai fi kowa gane ta. Idan ƙwayar ta shiga hanta, sai ta mai da ita shagon ɗinki. Tana sa a ƙera mata ƴaƴa, amma tana sa a ɗinka riguna fanko, waɗanda ba kowa a ciki, fiye da ƴaƴan sau dubu zuwa sau dubu ɗari, a watsa su cikin jini. Ɗan dogarin da jiki ya samu ya ƙera sai ya daka tsalle ya rungumi riga, ashe ba ɓarawo a ciki. Ɓarawon ya wuce ta gefe. Shi ya sa anti-HBs négatif a takardarsa ba lalle yana nufin jikinsa bai taɓa motsawa ba. Kaɗan ɗin da yake ƙerawa rigunan sun shanye su, ƙwayoyin da ke ƙera su kuma sun gaji da ganin abu ɗaya dare da rana har sun yi sanyi. Yawan rigunan nan ne ma ya tona asirin ciwon: su ne wani likita ɗan Amurka, Baruch Blumberg, ya gani a jinin wani ɗan asalin Ostareliya, ya bayyana a 1965, tun ba a san ƙwayar kanta ba. In kin ji tsohon ma'aikacin asibiti ya ce antijen Ostareliya, AgHBs yake nufi.

Ga inda nake so ki buɗe kunne, domin ba zan yi miki daɗin baki ba. Ƙwayar da kanta ba ta cika fasa hanta ba. Ɓarnar daga faɗa take zuwa. Ban da dogarai, jiki yana da wasu mayaƙa da aikinsu shi ne su rushe duk ɗakin da suka ga ɓarawo a ciki. A jikinki sun yi aikin sau ɗaya sun gama, hanta ta sake gini, wataƙila a lokacin an ce zazzaɓi ne kawai. A jikin mai ɗauke da ita kuwa ba su iya gamawa, ba su kuma bari. A rushe yau a yaɓe gobe, shekara da shekaru, har tabo ya yi yawa hanta ta ƙanƙance ta taurare, wani ma ta kai shi ga sankarar hanta. Duk wannan yana iya tafiya mutum na kan keken ɗinkinsa yana raha. Mun saba cewa jiki magayi, amma hanta ba ta cika magana ba sai abu ya yi nisa. Saboda haka “lafiyarsa lau” ba hujja ba ce. Ba kuma hujja ba ce ta yanke ƙauna: da yawa daga masu ɗauke da ita suna tsufa da jikokinsu hantarsu ba ta taɓa ba su wahala ba. Gwaji ne ke raba wannan da wancan.

Takardar da ke hannunsa ba ta isa a san inda ya tsaya ba. Ya je babban asibitin ƙasa na nan Zinder ya nemi likitan da ke duba hanta da ciki. Abin da za a nema: ALAT da ASAT, su ke nuna ko ana rushe-rushe a hanta yanzu; AgHBe da anti-HBe; adadin ƙwayar a jini, wanda ake rubutawa charge virale; da hoton ciki na eko. A haɗa da gwajin sida da na ciwon hanta nau'in C da D, domin suna canza yadda za a ba da magani. Kada ya ga anti-HBe positif ya yi shelar ya warke, mutanen Afirka ta Yamma da yawa suna samun wannan tun suna samari ƙwayar kuma tana nan tana aiki a ƙasa-ƙasa. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024, in adadin ƙwayar ya wuce 2,000 kuma ALAT ta hau, ko an ga tabo a hanta, ko akwai wanda sankarar hanta ta taɓa kamawa a danginsu, ana fara magani. Ƙwaya ɗaya ce a rana, tenofobir ko entekabir. Tana danne ƙwayar cutar ƙwarai, tana tsare hanta, amma ba ta tumɓuke ta, domin ta ajiye irinta a can cikin tsakiyar ƙwayoyin hanta inda magani bai kai ba. Wanda ya fara ba ya dainawa da ra'ayin kansa, yin haka na iya tayar da faɗan da ya fi na da muni. In kuma an ce bai buƙatar magani yanzu, ba sallama ba ce, komawa zai riƙa yi duk wata shida ko shekara.

Na san kafin sati ya zagayo wani zai kawo masa gora cike da jiƙo. Abin dariya, sunan ciwon da sunan wannan fili namu ɗaya ne, shawara, kuma kowa a gari likitanta ne. Dalilin da ya sa ake rantsuwa da saiwar rawaya da ƴan'uwanta shi ne, babban mutum in idonsa ya yi ɗorawa yawanci dogaran jikinsa ne za su gama aikin cikin ƴan makonni, ko ya sha ko bai sha ba, sai jiƙo ya karɓi yabo. Na saurayinki ba irin wannan ba ne. Kuma duk abin da aka haɗiya hanta ce ke tace shi, jiƙon da ba a san awonsa ba ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya ɗauko. Mai lasifika a tasha da ya ce zai mai da positif négatif cikin kwana arba'in, kuɗinsa kawai yake so. Ya nisanci giya in ma akwai, ya bar sayen ƙwayoyi a tire. Ya kuma kula da gujiya da masarar da suka yi fumfuna, mu da ƙuli-ƙuli da tunkuza ba sa yanke mana: dafin da ke cikin wannan fumfunar in ya haɗu da wannan ƙwaya, haɗarin sankarar hanta yana ninkuwa.

Batun aure. Ta fuskar ciwo, da za a tara ƴan matan Damagaram a zaɓa masa wadda ba zai cutar ba, irinki za a zaɓa. Wadda takardarta ta fito négatif sau uku, wadda gwaggo za ta yi wa guɗa, ita ce ke cikin haɗari, sai an yi mata allura uku, ta farko, ta bayan wata ɗaya, da ta wata na shida. Ke ba ki buƙata. In Allah ya kawo rabo, ba za ki ba jariri ciwon wajen haihuwa ba, hasali ma dogaranki za su ratsa mahaifa su ba shi aro na ƴan watanni. Aro dai aro ne, yana ƙarewa, ga kuma uba mai ɗauke da ita a gida. Don haka tun kina awon ciki ki shaida wa ungozomar asibiti, ki nemi a yi wa jariri allurar nau'in B cikin awa 24 da haihuwa, sannan na sati 6, 10 da 14 kada ko ɗaya ta wuce shi. Ranar suna ku sayi sabuwar aska ku ba wanzami. Rezarsa da buroshinsa da abin yankan farcensa nasa ne shi kaɗai. Amma kwano ɗaya, moɗa ɗaya, gumi, gaisawa, duk ba sa ɗaukar ta, kada a ware masa ƙwarya kamar kuturu. In wata rana ya tashi ƙaro miki abokiyar zama, ki daure ki sa a gwada ta a yi mata allura kafin ta tare. Na san ba wannan kika so ji daga gare ni ba.

Abu ɗaya ki riƙe game da kanki. Ko a jikin wanda ya warke, ɗan burbushin irin yakan saura a kwance cikin hanta, garkuwarki ce ke zaune a kansa. In wata rana, Allah ya kiyaye, za a ba ki maganin sankara ko wani magani mai kwantar da garkuwar jiki na tsawon lokaci, ki ce wa likita anti-HBc ɗina positif ne. Ban da wannan, ki ci tuwonki.

Abin da ni ya fi tsaya mini a wuya ba jininsa ba ne, shirunsa ne. Shekara guda ya sani. Bai san kina da kariya ba, ya bari aka sa rana. Da babanki bai matsa a yi gwaji ba, kuma da jikinki fanko yake, fa? Na yarda tsoro ne da kunya, na ga manyan maza sun ninke irin wannan takarda sun cusa ƙarƙashin katifa. Amma da gwaggonsa ta ɗora miki zargi, me ya ce? Ya buɗe baki ya ce ni tun bara na san nawa, ko ya sunkuyar da kai ya bar ki da kaya? Ba ki faɗa mini ba. Da ni ce ke, sharaɗi biyu zan kafa kafin a koma zancen rana: ya faɗi gaskiyar bara da bakinsa a gaban babanki da gwaggonsa, ya kuma kawo takardar likitan hanta a gani. Namijin da ya iya waɗannan biyu zai iya shan ƙwaya kullum shekara ashirin in ta kama. Wanda ya kasa, ki yi tunani.

Babanki kuwa kada ki tsaya gardamar s da c da shi, ba daga bakinki zai karɓa ba. Ki samu kawunki ko wani babba da yake jin maganarsa, su ɗauki takardun biyu tare da shi su je gaban likita, a karanta masa kamar yadda na karanta miki. In gwaggo za ta bi, a ba ta wuri a gaba. Kada kowa ya yi mata gori da cewa daga gidansu abin ya fito, ba laifin kowa ba ne. Amma likita zai ce a gwada mahaifiyarsa da yayyensa da ƙannensa da yaran gidan, wanda ba shi da ita a yi masa allura, wanda ke da ita a fara duba hantarsa. Matar yayan nan da ya je ba jini bara, in haihuwa ce ta kai ta asibiti, a fara da ita da yaron.